Mutum Biyu Ke Bin Sa: Nazari Kan Biyan Bashi da Hidimar Biki a Ƙasar Hausa

Duk wanda ya taɓa ranta wa wani kuɗi ya san wannan ɓacin ran. An yi alkawarin ƙarshen wata, wata ya ƙare, wani ya kama, kullum amsar ɗaya ce: a ƙara haƙuri, abubuwa sun cushe. Ranar Asabar sai ka buɗe waya ka ga mutumin naka a wajen dinar wani abokinsa, ya sha shaddar anko, yana liƙi. Abin da ke fara zuwa zuciya shi ne yana da shi, hanawa ya yi. Wani lokacin haka ɗin ne. Sau da yawa kuwa, idan aka zauna da shi aka bi diddigi, za a tarar a ransa bashi ya je biya a wajen bikin nan, domin angon ya yi masa irin wannan hidima ranar nasa auren. Mutum biyu ke bin sa, sai ya fara sallamar wanda rashin biyansa zai fi tona masa asiri a bainar jama'a.

A kan wannan zaɓin nazarin nan ya tsaya. Masu ba da shawara kan sarrafa kuɗi, musamman a littattafan da ake rubutawa a Amurka da Ingila, kan raba abin da mutum ke samu gida-gida: na bukatun dole, na biyan bashi, na nishaɗi. A tsarinsu fita da abokai da zuwa shagali suna gidan nishaɗi, kuma shi ake fara datsewa idan bashi ya yi nauyi. Shawarar ta dace da inda aka yi ta, inda inshora da fansho da tallafin gwamnati ke tare mutum idan ya faɗi. A ɗauko ta ɗungurungum a ɗora wa malamin firamare a Gusau ko mai ƙosai a Maraɗi kuskure ne, domin kaso mai yawa na abin da su ke kira nishaɗi, a wurinmu ajiya ce da aka yi a hannun mutane.

Kalmar biki kanta ta isa shaida. Bayan ma'anarta ta shagali, tana da wata tsohuwar ma'ana a bakin mata: gudummawar da ƙawa ke kawo wa ƙawarta ranar aure ko suna, wadda za a mayar mata idan nata ya zo. Shi ya sa za ka ji mace ta ce da wance suke biki, ko ta ce wance tana bin ta biki. Littafin Baba of Karo, wanda Mary Smith ta fitar a 1954 daga labarin da wata dattijuwa ta ƙasar Zazzau mai suna Baba ta ba ta na rayuwarta, ya nuna irin girman da ƙawance da musayar gudummawa ke da shi a rayuwar mace tun kafin zuwan Turawa. Mijin Mary, M. G. Smith, da ya yi nazarin tattalin arzikin Hausawan Zariya a daidai wannan lokaci, ya kula da ƙa'idar da ke tafiyar da abin: ba a mayar da biki daidai, ninkawa ake yi. Ta ba ki dubu ɗaya, ki mayar da biyu, ta dawo da huɗu. A lissafi, zuwa mayarwa ta biyar dubu ɗayan nan ta zama 32,000. Al'adar ta san haka ba zai ɗore ba, don haka ta bar ƙofa: idan abin ya kai inda ɗaya ba za ta iya ba, sai a sauko ƙasa a sake farawa, ƙawancen yana nan. A riƙe maganar wannan ƙofar, za mu dawo kanta.

Barbara Cooper, a littafinta kan aure a Maraɗi na 1997, ta nuna yadda mata ke gina matsayinsu da darajarsu ta hanyar kayan aure da musayar kyauta. Macen da ɗakinta ya cika da mutane ranar suna, kowa ya san tana da arzikin mutane, kuma arzikin mutane abu ne da ake ci. Shi ne ke tashi tsaye ranar da aka kwantar da yaro a asibiti, a Najeriya, ƙasar da fiye da kashi 70 cikin 100 na kuɗin da ake kashewa a harkar lafiya daga aljihun marasa lafiya da danginsu yake fitowa. Shi ne ke haɗa kuɗi idan shago ya ƙone ko mai gida ya rasu. Wanda ya yanke zuwa hidimar mutane gaba ɗaya don ya biya bashi, ya soke inshorar da ba shi da wata bayanta. Saboda haka ban yarda da masu cewa mai bashi ya kulle kansa a ɗaki sai ya gama biya ba. Maganar tana da daɗin ji, amma mai yin ta bai yi lissafin ranar da mutumin zai nemi jama'a ya rasa ba.

Sai dai tsarin da Baba ta sani ba shi ne muke ciki ba. A zamaninta gudummawa kuɗi ce ko kaya da ke shiga hannun mai hidima, ta rage mata nauyi, kuma wata rana ta dawo. Yau kaso mai tsoka na abin da mahalarci ke kashewa ba ya shiga hannun kowa daga cikin masu hidimar. Kuɗin anko na mai atamfa ne da tela. Kuɗin kwalliya da ɗaurin kallabi na mai kwalliya ne. Kuɗin mota zuwa wani gari na mai mai ne. Biki ɗaya kan zo da kamu da sa lalle da yini da dina da walima, wani lokaci kowanne da nasa ankon. Ko sisi daga cikin waɗannan ba ya dawowa ranar da mutum ya shiga matsi. Idan mace ta kashe dubu 40 a bikin ƙawarta, dubu 5 kacal ta damƙa mata a hannu, to dubu 5 ɗin ce ajiya, sauran ado ne da aka saya da sunan zumunci. Wannan rarrabewar ita ce ginshiƙin duk abin da zan faɗa a gaba, kuma ita ce mutane suka fi ƙin yi, domin ado da zumunci sun cakuɗe har an daina gane bakin zaren.

Su ma maza ba su tsira ba, nasu salon ne ya bambanta. Akwai gudummawar ɗaurin aure, da ankon abokan ango, da karo-karon majalisa, da kuɗin mai na rakiya. Sai kuma sabon abu, zaurukan WhatsApp na tsofaffin ɗalibai da na abokan aiki, inda ake jera sunayen waɗanda suka bayar, kowa da adadinsa a gaban sunansa. A da, abin da ka bayar tsakaninka ne da mai hidima, ko uwar biki da ke riƙe da lissafi. Yanzu mutum hamsin ne ke kallon gurbin da sunanka bai cike ba. Mai bin ka bashi kuwa ba ya cikin zauren, ko kuma yana ciki yana kallo ya yi shiru.

Duk wannan ya zo ne a lokacin da aljihu ya fi kowane lokaci ƙuntata. Bayan da Shugaba Bola Tinubu ya sanar da cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu, 2023, litar fetur ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa kusan 500 ko fiye cikin 'yan kwanaki, daga baya ta haura 1,000. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce a Disambar 2024 hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin 100. An ɗaga mafi ƙarancin albashi daga naira 30,000 zuwa 70,000 a Yulin 2024, amma farashin hatsi da sufuri sun riga shi yin gaba. Aure da haihuwa da rasuwa ba su ragu ba. Giɓin da ke tsakanin abin da ake samu da abin da jama'a ke tsammani, da bashi ake cike shi: bashin mai shago, rancen ɗan'uwa, kwasar adashi tun kafin lokaci, rancen albashi daga banki, da kuma manhajojin ba da rance na waya.

Bari mu dubi masu bin bashin nan ɗaya bayan ɗaya, domin ba nauyinsu ɗaya ba, kuma ba yadda ya kamata ake jera su ba.

Bashin ruwa girma yake yi ko mutum yana barci. Mu ƙaddara an ci naira 100,000 a kan ruwan kashi 10 cikin 100 duk wata, ruwan yana hawa kan ruwa. Idan aka yi wata shida ba a biya komai ba, kuɗin ya haura 177,000. Manhajojin waya sun ƙara da wani makami: sukan kwashi lambobin da ke cikin wayar mai bashi, ranar da ya makara su aika wa surukansa da abokan aikinsa saƙon cin mutunci. Abin ya yi ƙamari har hukumar kare haƙƙin masu sayayya ta tarayya, FCCPC, ta kai samame ofisoshin wasunsu a Legas a Maris na 2022, ta kuma fitar da ƙa'idojin rajista a shekarar. Wanda ya ci irin wannan bashi don ya fita kunyar biki, ya sayi babbar kunya ne da kuɗinsa don gudun ƙarama. Ga kuma haramcin riba a kansa, wanda Musulmi ba ya bukatar a tuna masa. A nan babu wani daidaito da za a nema. Babu ankon da ya kai a ci bashin ruwa dominsa.

Bashin biki kuwa ba shi da takarda, ba shi da ranar biya sai ranar da hidimar ɗayan ta taso, amma yana da 'yan kallo. Shi ya sa yake shiga gaba.

Wanda ake bari a baya kullum shi ne na uku: aminin da ya ranta ba ruwa ba shaida, mai shagon unguwa da ke rubuta shinkafa da sabulu a littafi, ƙanwar da ta sayar da tunkiyarta ta bayar. Ba su da lambar surukai, ba su da zaure, kuma kunya ba ta barin su yin magana. Mutane kan ɗauka jinkirta musu ba ya cutar da kowa tunda bashin ba ya ƙaruwa. Lissafi bai yarda da haka ba. A shekarar da farashi ya hau da kashi 34.8 cikin 100, naira 100,000 da aka mayar bayan wata goma sha biyu ba ta sayen abin da ya wuce na kusan 74,000 a ranar da aka karɓe ta. Mai kirkin nan ya yi asarar kusan rubu'in dukiyarsa ba tare da an ce masa sannu ba. Ga mai shago abin ya fi muni, domin jarinsa ne ya kwanta, kuma da sabon farashi zai saro kaya. Hatta shawarar nan ta masana, cewa a fara biyan bashin da ruwansa ya fi yawa, idan aka bi ta ido rufe tana kai mutum ga wannan zaluncin: mai riba a gaba, mai tausayi a ƙarshen layi. Illar ba ta tsaya kan mutum ɗaya ba. Duk wanda aka yi wa haka sau biyu, ya daina ranta wa kowa. Da rancen alheri ya ja baya a unguwa, sai masu ruwa su cike gurbin. Ina ganin yawan kukan da ake yi yau cewa masu hali sun daina taimako, wani ɓangarensa daga nan ya samo asali.

Addini ya jera waɗannan abubuwa tun tuni, kuma jerinsa ya saɓa wa wanda muke bi. Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, kan bashi ta sauka: a rubuta shi, a sa masa lokaci, a kafa shaidu. Ayoyin gado a Suratun Nisa'i sun sa rabon gado bayan an fitar da wasiyya da bashi. A Sahihul Bukhari an ruwaito cewa an kawo wata gawa, Annabi (SAW) ya tambaya ko ana bin mamacin bashi, da aka ce ana bin sa sai ya ce sahabbai su yi masa salla, har sai da Abu Ƙatada ya ɗauki nauyin biya sannan ya sallace shi. A Sahihu Muslim an nuna cewa ko shahada ba ta kankare bashi. Wani hadisin ya kira jinkirin mai hali zalunci. A fiƙihun Malikiyya da ake karantawa a zaurukanmu, bashi yana sauke zakkar tsabar kuɗi daga kan mutum idan ya cinye nisabi kuma babu wata kadarar da za ta tsaya a madadinsa, duk da cewa ba ya sauke ta hatsi da dabbobi. Idan haƙƙin mai bin bashi zai iya shiga gaban zakkar kuɗi, wadda rukuni ce, da wace hujja liƙi zai shiga gabansa?

Amma addinin nan dai shi ne ya wajabta sada zumunci, ya kwaɗaitar da amsa gayyatar walima, da gaida mara lafiya, da rakiyar gawa. Abin lura shi ne kusan duk waɗannan da jiki ake yin su. Hausawa sun ce zumunta a ƙafa take. Walimar da aka umarci Abdurrahman bin Auf ya yi, an nuna masa ko tunkiya ɗaya ta wadatar, alhali ɗan kasuwa ne. Haka kuma cin bashi don bukata ba abin kunya ba ne, Annabi (SAW) ya bar duniya sulkensa yana jingine a wurin wani Bayahude saboda sha'ir da ya karɓa wa iyalinsa. Aya ta 280 a Baƙara ta umarci mai bin bashi ya saurara wa wanda ke cikin ƙunci har ya samu sauƙi. Sai dai wannan sassaucin na wanda ke cikin ƙunci ne da gaske. Mutumin da ya samu dubu 30 na anko, ya fita daga wannan sahu gwargwadon dubu 30 ɗin.

Daga nan ana iya ganin inda daidaiton yake. Hidimar jama'a hawa uku ce a cakuɗe: zuwa, da gudummawa, da ado. Zuwa ba ya faɗuwa a kan mai bashi, sai dai tafiya mai nisa da kuɗin motarta zai taɓa haƙƙin wani. Ado shi ke fara faɗuwa, kuma ya faɗi gaba ɗaya har sai an sauke nauyi. Gudummawa ce ke da wuyar sha'ani, domin ita ma a idon al'ada bashi ce, ko da yake a shari'a malamai kan duba ko an bayar da ita ne a matsayin kyauta ko da sharaɗin mayarwa bisa al'adar wuri. A nan ne tsohuwar ƙofar nan ke da amfani. Iyayenmu mata sun san yadda ake zuwa wurin ƙawa tun kafin ranar biki a ce mata, "Wance, bana hannuna ba ya kaiwa baya, ga abin da ya samu." Sukan cike ragowar da aiki: daka, girki, wanke-wanke, kwana a gidan biki. Ƙawancen da ba zai iya ɗaukar wannan maganar ba, da wuya ya ɗauki mutum ranar da ya faɗi, don haka ajiyar da ake zubawa a cikinsa ma tana cikin haɗari.

Akwai wani abu da na lura yana kashe rigima fiye da kowane lissafi, shi ne mai bin bashi ya san halin da ake ciki. Yawancin masu ranta wa mutane ba ganin mutum a wajen biki ne ke ƙona musu rai ba. Abin da ke ƙona rai shi ne ɓuya: a daina ɗaga waya, a canza hanya, sannan a ga hoto. Wanda ya je da ƙafarsa ya ce zai riƙa kawo dubu 10 duk ranar da albashi ya shigo, kuma ya cika sau uku a jere, ya sayi 'yancin zuwa sunan ɗan ƙanensa da 'yar gudummawarsa ba tare da ya sunkuyar da kai ba. Biya kaɗan-kaɗan a kan lokaci yana riƙe amana fiye da alkawarin biya gaba ɗaya ranar da ba ta zuwa. Dabarar adashi ke nan, wadda matanmu suka fi kowa ƙwarewa a kai: zubi ƙarami, rana sananniya, babu fashi. Abin mamaki ne a ce mace ba ta taɓa fashin zubin adashi ba shekara biyar, amma rancen yayarta ya shekara biyu ba ta rage ko naira ba. Bambancin kawai shi ne uwar adashi tana aiko yaro, yaya kuwa ba ta aikowa.

Za a iya cewa duk wannan ya ɗora nauyi kan mai rauni, alhali ba shi ya ƙirƙiro tsadar ba. Gaskiya ne. Amarya ko uwar amarya da ta fitar da anko mai tsada ta san sarai a cikin ƙawayenta akwai wadda sai ta ci bashi za ta saya. Ango da ya sa abokansa ɗinka shadda iri ɗaya ya san albashin wasunsu. Gwamnatin Kano ta gane nauyin aure kan talaka har ta shiga ɗaukar nauyin auren gata ta hannun Hisba tun 2012, kuma a Oktoban 2023 ta aurar da ma'aurata 1,800 a lokaci guda. Wannan ya rage wa masu auren nauyi. Nauyin da ke kan mahalarta kuwa babu hukumar da za ta iya sauke shi, sai masu gayyatar da kansu. Gidan da ke da hali, idan ya aurar da 'ya ba anko, ya ce kowa ya zo da abin da ke jikinsa, ya buɗe wa gidaje goma na marasa hali hanyar yin haka ba tare da an ce talauci ne ya sa su ba. Talaka ba zai iya fara wannan ba, domin shi idan ya yi, gori za a yi masa.

Kai kuma mai karatu da katin gayyata ke hannunka a wannan makon, kuma ka san akwai wanda ya rufa maka asiri yana jira shiru, fara zuwa wurinsa kafin ka je wurin tela. Ka kai masa abin da ya samu, ka faɗa masa ranar da za ka kawo na gaba, ku rubuta. Sannan ka sa tsohuwar rigarka mai tsabta ka je ɗaurin auren.